Shagon da ya saka wa wayoyin yarana kulle a Shari'a Mansur (titin Mansur a Makka), da abinda na gani a Ingila

Jama'a assalamu alaikum. Tun watan jiya ƴan uwa da muke haɗuwa a masallaci suke tambayata wai ina na kai wayoyin yara aka saka musu kulle, kuma aikin ya biya kuɗinsa ko kuwa asara nayi. Kullum sai ince zan yi bayani, kullum sai a tada iƙama ko wani ya kira ni, to yau na samu zama bari in rubuta gaba ɗaya kowa ya karanta.

Wani dare ne bayan isha muna falo ana cin tamis da ful, ɗana mai shekara 11 yana riƙe da jawwal ɗin mamansa yana kallon gajerun bidiyon ƙwallo ɗin nan da ake turawa sama da yatsa. Kawai sai naga ya kife wayar a kan kafet da sauri kamar ta ƙona shi, ya miƙe ya shige ɗaki ko abincinsa bai ƙarasa ba. Maman ta ɗauka ta duba, ta miƙo min bata ce uffan ba. Wani hoto ne aka liƙa a wajen sharhi ƙarƙashin bidiyon ƙwallon, da adireshi a jikinsa. Yaron nan ba nema yaje yi ba, abin ne ya same shi har cikin falo, ina zaune tazarar taku biyu da shi. Wallahi daren nan ban yi barcin kirki ba.

Ni dai da a raina nake cewa ai muna Saudiyya, gwamnati ta gama mana wannan aikin. Kuma gaskiya tana ƙoƙari, tun 1999 da aka buɗe intanet ga jama'a a ƙasar nan ake tace shafuka daga sama, kowa ya san shafin nan da yake fitowa yace maka an hana shiga, kuma dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 5 da tara har riyal miliyan 3 ga mai yaɗa batsa. Amma waccan toshewar shafuka take kamawa, abinda wani ɗan iska ya liƙa a cikin manhajar sada zumunta sai an kai ƙara kafin a cire, kafin nan kuma yaro ya riga ya gani.

Shagon yana wani lungu ne da ya ɓalle daga Shari'a Mansur, tsakanin wata bakala, wato kantin kayan masarufi, da wani tela, ƙarami ne sosai, mutum huɗu in suka shiga na biyar sai ya tsaya a waje. Gyaran jawwal suke yi da saida shariha, wato layin waya, da caja da irin su. Mai wajen matashi ne ɗan Hausawan nan Makka, haifaffen nan, Hausarsa da Larabci a gauraye kamar yadda yaranmu suke yi, kowa muhandis yake ce masa, wato injiniya. Wani maƙwabcina ne ya nuna min shi. Na je da waya biyu da tablet ɗaya, na faɗa masa abinda ya faru a taƙaice, abinda ya fara burge ni shine bai yi dariya ba kuma bai nemi in nuna masa hoton ba, cewa yayi "Kawu Allah ya shirya mana, zauna ga kujera", ya aika yaron shagon ya kawo min shayi.

Muna cikin aikin ne yake tambayata, da yake maƙwabcin nawa ya faɗa masa na taɓa zama a Landan, wai Kawu da gaske ne yanzu a Ingila sai mutum ya nuna fuskarsa ko katin banki kafin a bar shi ya shiga irin waɗannan shafuka? Nace masa da gaske ne, tun 25 ga Yulin 2025. Yace to su da suke da ƴanci me ya kai su? Nan fa hira ta ɓarke, don wannan tambayar ta taɓo min wajen da ya daɗe yana cina.

Na yi karatu a Landan tsakanin 2012 da 2014, kuma kamar yawancin ɗalibai ina ɗan taɓa aiki a wani shagon jaridu na unguwa da asuba. Ƙarfe biyar ake sauke ɗaurin jaridu a ƙofa, ni nake yanke igiyar in jera su. Akwai kanta ta can sama kusa da silin wadda sai dogon mutum ya miƙa hannu yake kaiwa, nan ake jera mujallun batsa, an rufe su da leda an kare rabin bangon. Ranar farko na roƙi mai shagon ya ɗauke min jera waccan kantar, mutumin kirki ne ya yarda. To amma jaridar The Sun fa, wadda a lokacin tana cikin waɗanda aka fi saye a ƙasar, ita a ƙasa take kusa da alewar yara, kuma shafinta na uku kullum hoton mace ne babu riga. Tun 1970 suke yin haka, sai a watan Janairun 2015 suka daina bayan wasu mata sun ɗau shekaru suna yaƙi da abin. Na sha ganin mutum a bas ya buɗe ta ɗan makaranta yana zaune gefensa da jakarsa a cinya. Abin ya dame ni har na riƙa bin tarihin yadda suka kai nan, kuma abinda na gano shine ba wai basu yi yaƙi da shi ba, sun fi shekara 160 suna yi.

Tun zamanin Sarauniya Victoria akwai wani ɗan titi a Landan da ake kira Holywell Street, nan ne kasuwar littattafai da zane-zanen batsa take. Babbansu wani William Dugdale, an ɗaure shi ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, in ya fito ya koma ruwa, ƙarshe a kurkuku ya mutu a 1868. Saboda irinsu aka yi doka a 1857 wadda Lord Campbell ya kawo, ta ba hukuma ikon shiga shago ta kwashe kayan a lalata. Daga baya titin ma gaba ɗaya aka rushe shi lokacin faɗaɗa hanyoyi. An rushe titi amma sana'ar ta tattara ta sake sheƙa, ƙarshe ta yi gida a unguwar Soho.

Abinda ya fi tsaya min a rai cikin tarihin nan shine yadda kullum suke neman ɓarakar doka. A shekarun 1930 akwai gidan wasa mai suna Windmill, lokacin duk wasan da za'a yi a dandali sai wani jami'in fada da ake kira Lord Chamberlain ya amince. Masu gidan suka kawo hujja cewa ai gumakan da ke gidajen tarihi tsirara suke kuma babu wanda yace haramun ne, don haka in mace ta tsaya cak bata motsa ba ita ma kamar gunki take. Aka yarda musu, sharaɗin kawai kada a motsa. Haka suka yi ta yi har cikin yaƙin duniya na biyu ana ruwan bama-bamai a Landan, sai 1964 gidan ya rufe. Kafin nan a 1958 wani Paul Raymond ya gano wata ɓarakar, cewa dokar dandali bata hau kan kulob na ƴan ƙungiya ba, sai ya buɗe nasa gidan a Soho a matsayin kulob, ka biya kuɗin rajista ka zama mamba halas. Mutumin nan daga baya ya shiga buga mujallu, kuɗin da ya tara ya riƙa sayen gidaje da filaye a Soho ɗin har ya zama cikin manyan attajiran Ingila kafin ya mutu a 2008. A 1968 kuma aka soke tace wasannin dandali gaba ɗaya.

Muhandis yana jin wannan yana ta danne-danne a tablet ɗin, sai ya ɗago yace to ƴan sanda fa Kawu? Nace ai nan ne abin takaicin. Akwai sashe na musamman a Scotland Yard da aka ɗora wa yaƙi da batsa, a ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon 1970 su da kansu suka koma karɓar toshiyar baki daga masu shagunan Soho, wanda ya biya a bar shi har a sanar da shi ranar samame, wanda bai biya ba a kwashe kayansa. Sai da Robert Mark ya zama shugaban ƴan sandan Landan a 1972 aka fara share gidan, a 1977 aka ɗaure manyan jami'ai, shugaban sashen Bill Moody ya samu shekara 12. Mai gadin rumbu shi ne yake ɗiban hatsin.

Kuma kar wani ya ɗauka duk Turawa sun yarda da abin. Akwai wata malamar makaranta Mary Whitehouse da ta miƙe tun 1964 tana neman a tsaftace talabijin, an yi mata ba'a iya ba'a, bata fasa ba har tsufanta. Irin matsin lambar su da na mazauna Soho ya taimaka aka yi dokar 1981 da ta hana baje kayan a taga inda mai wucewa zai gani, sai ta 1982 da ta ce shagon irin wannan sai da lasisin ƙaramar hukuma, shaguna da yawa suka rufe. Ana murna sai ga bidiyo ya shigo gidaje, kaset ya maye gurbin sinima, abinda da sai ka fita ka je Soho yanzu gashi a falo. Aka sake doka a 1984, kowane kaset sai hukumar tace fina-finai ta BBFC ta duba ta saka masa shekaru, na batsa kuma mai alamar R18 sai a shago mai lasisi kaɗai, ba a aikawa ta gidan waya.

Ku masu kallon Firimiya ga wani abu da zai baku mamaki, David Sullivan da marigayi David Gold da suka sayi West Ham a 2010, kafin nan suna da Birmingham City, asalin dukiyarsu daga mujallu da shagunan wannan sana'ar take. Richard Desmond ma da ya sayi jaridar Daily Express a 2000 a lokacin yana da irin waɗannan mujallu da tashoshi. Ya'ani kuɗin ya wanke ya shiga ƙwallo da jarida da gidaje, shi yasa duk mai tunanin abin nan wasan yara ne bai san girman kasuwar ba.

Duk dokokin nan da na lissafo, in kun lura, ƙofar shago suke tsarewa. Akwai mai shago a tsaye da zai kalli fuskar yaro yace fita. Intanet da ta zo sai ya zama babu ƙofa babu mai shago, mujallun kantar sama suka fara mutuwa don babu mai sayen abinda yake samu kyauta. Ina can a 2013 Firaminista David Cameron ya matsa wa manyan kamfanonin intanet su saka matata a layin gida sai in mai gida ne yace a cire. A 2017 suka yi dokar tantance shekaru, aka yi ta ɗage ta har a 2019 aka watsar. Sai 2023 aka sake wata babba, ita ce ta fara ciwo a Yulin 2025, hukumar Ofcom ke kula da ita, tarar kamfanin da ya ƙi bi zata iya kaiwa fam miliyan 18 ko kashi 10 na kuɗin da yake samu a duniya. Cikin kwanaki kaɗan manhajojin VPN, waɗanda ake kewaye toshewar intanet da su, suka haye saman jerin abinda ake saukewa a ƙasar. Kuma akwai rahoton kwamishinar kare yara ta Ingila, Rachel de Souza, na farkon 2023 da ya nuna matsakaicin shekarun da yaro yake fara ganin batsa 13 ne, ɗaya cikin goma tun yana shekara 9, kuma inda suka fi gani ba shafukan batsa bane, Twitter ne. Da na tuna wannan sai hoton ɗana yana kife waya ya dawo min.

Na tsawaita amma da dalili, don duk wanda ya san wannan tarihin ba zai yarda da mai shagon da zai ce masa "na toshe komai ɗari bisa ɗari" ba. Na taɓa tambaya a wani shagon daban kafin nan, haka mutumin yace min, minti biyar kawai, wata manhaja zai saka. Shi wannan yaron tun kafin ya karɓi ko riyal ɗaya yace min Kawu in faɗa maka gaskiya, zan rage sosai amma bazan iya gani cikin kowace manhaja ba, wadda kake tsoro gara a cire ta gaba ɗaya daga wayar yaro. Wannan maganar ce tasa na bashi aikin.

Ga abinda yayi. Ya buɗe wa kowane yaro asusunsa da shekarunsa na gaskiya, yace kuskuren da yawancinmu muke yi kenan, mu buɗe wa yaro asusu mu ƙara masa shekaru don a wuce wajen da sauri, daga nan wayar ta ɗauke shi babba. Wayoyin Android ya haɗa su da tawa ta Family Link, tablet ɗin kuma da yake iPad ne ya saita Screen Time da lambar sirri da ni kaɗai na sani, ya juya baya ma lokacin da nake sakawa. Yanzu babu manhajar da zata sauka sai saƙo ya zo min na amince, kuma wannan ne maganin VPN, don in yaro ya iya saukar da ita duk sauran aikin ya tashi a banza. Ya kunna tace bincike a Google da YouTube, ya saka lokaci, ƙarfe goma na dare wayoyin su kulle kansu sai kira kawai.

Washegari bayan la'asar ya zo gida da kansa saboda rauta, wato na'urar da ke bada waifai a gida. Ya canza saitin ta yadda duk na'urar da ta hau waifai ɗin gidan sai ta bi ta matata, ya raba layin biyu, na manya da na yara, ya canza kalmar sirrin rautar don tun da aka kawo ta ashe wadda kamfani ya liƙa a bayanta muke amfani da ita, duk yaron da ya iya karatu zai shiga. Ya kuma ja hankalina cewa in wayar tana da shariha mai data to rauta bata da iko da ita, shi yasa dole a yi duka biyun. Sannan ya roƙi a kira maman yara ta tsaya daga bayan labule ya yi mata bayani a hankali yadda zata amince ko ta ƙi in bana nan, don yace ita ce ke gida da su. Wayarta ma da abin ya faru a ciki ya saka wa manhajojin sada zumuntar kulle da ɗan yatsa. Duka aikin da zuwa gidan riyal 150 ya karɓa, ni a ganina ya yi araha.

Matsaloli akwai. Na farko jira, na shafe kusan awa biyu a shagon don yana aikina yana sallamar masu sayen caja da masu fashewar gilashi, shi kaɗai ne ya iya aikin, yaron shagon miƙo kaya kawai yake. Wajen babu inda mace zata zauna, in uwa ce ita kaɗai zata kai to gara ta ce ya zo gida akwai muharraminta. Bai bani fatura ba, wato rasit, kuma bai rubuta min komai ba, duk bayanin da baki ne, bayan kwana biyu na manta rabin abinda ya nuna min, da ace yana da ƴar takarda ko da shafi ɗaya ce da Hausa da Larabci da ya taimaki mutane sosai, na faɗa masa haka. Sannan matatar rautar ta yi tsauri da farko, ƴata tana aikin makaranta na kimiyya a kan jikin ɗan adam shafuka biyu suka ƙi buɗewa, ta zo tana kuka gobe za'a karɓa. Na tura masa saƙo a WhatsApp tun magariba bai amsa ba sai kusan sha ɗaya na dare, dole na bata wayata ta ƙarasa ina zaune kusa da ita. Da safe dai ya gyara, bai karɓi komai ba, ya bada haƙuri.

Babban ɗana mai shekara 15 kuwa kwana uku yana kumbure-kumbure, yace na mayar da shi jariri. Na zaunar da shi bayan asuba mu biyu kawai na bashi labarin shagon jaridun nan da kantar sama da ɗan makarantan cikin bas, na faɗa masa mutanen da suka yi arziki da wannan sana'ar da idon samari irinsa suka yi shi, kuma duk ranar da wani abu ya faɗo masa a waya ya zo ya faɗa min babu duka babu faɗa. Bai ce komai ba a lokacin. Bayan sati biyu shi da kansa ya kawo min wayarsa yace Abba wani a rukunin ajinsu yana turo abubuwa, in cire shi daga ciki. Ƙaramin ma mamansa ta lallashe shi ta nuna masa ba laifinsa bane, ya saki jiki ya koma ƙwallonsa, yanzu a talabijin ɗin falo yake kallo.

Wanda zai je, ya je bayan isha da kamar awa ɗaya lokacin mutane sun ragu, ranar Juma'a sai bayan la'asar yake buɗewa. Ku tafi da duk wayoyin gidan har tsofaffin da ke cikin durowa waɗanda babu shariha, don suna hawa waifai, ni sai da na koma karo na biyu da wata tsohuwar waya da na manta da ita a ɗakin yara. Ku tabbatar kun san kalmar sirrin imel ɗinku kafin ku fita daga gida, kuma ku riƙe biro da takarda ku rubuta abinda yake nuna muku. Wanda yake son kwatancen lungun ya same ni a masallaci bayan magariba in raka shi, ba nisa.